Salmatu Mai Ƙarshen Fim

Duk direban da takarda ko jiran lodi ya taɓa zaunar da shi a Magama, bakin iyakar Jibiya, ya san rumfar Salmatu. Ba don shinkafa da wakenta sun fi na kowa daɗi ba, gaskiya mai take ƙwauro. An san ta ne saboda talabijin ɗin da ke rataye a ginshiƙin rumfar, da batirin sola a ƙarƙashinsa lulluɓe da tsohon buhu, da kuma bakinta.

Haifaffiyar Ɗan Isa ce, can tsallaken iyaka cikin Nijar. Aure ya kawo ta Jibiya, mijin ya rasu ya bar ta da tukwane biyu da 'ya'ya mata uku, duk ta aurar da su da gumin tukwanen nan. Surukinta ne ya kawo talabijin, ya ce zai ja mata masu ciniki. Ya kuwa ja. Sai dai wanda ya ɗaura shi ya ɗaura shi ne yana fuskantar benci, ita kuwa murhu na gabanta, talabijin na bayanta. Shekara goma sha ɗaya ke nan Salmatu ba ta taɓa ganin fim ɗaya daga farko zuwa ƙarshe da idonta ba. Da kunne take kallo. Na Hausa, na Indiya da aka sa wa bakin Hausa, har na mutanen nan masu tsalle suna dukan juna da ƙafa, duk ta bayan ƙeyarta suke shiga. Kafin masu ido su gane mugu, ita ta gane shi.

"Wanga mai yawan rantsuwa, shi ne ɓarawon," za ta ce tana juya wake. "Ku jira ku gani."

Su jira, su kuwa gani.

To, shi direba ba ya gama fim. Ana tsakiyar rikici, uwa ta ɗaga hannu za ta tsine wa ɗanta, sai ɗan kamasho ya leƙo ya ce mota ta cika, ko a ce 'yan duwan, wato kwastan, sun saki takarda. Mutum ya tashi yana waiwaye, hannu da mai. Sai bayan kwana huɗu ko mako ya dawo, kafin ya yi sallama ma sai ka ji, "Gwaggo, yaya anka ƙare?" Ita kuwa tana zuba masa abinci tana ba shi ƙarshen. Da haka sunan ya bi ta, Salmatu Mai Ƙarshen Fim. Akwai waɗanda daga Maraɗi har Katsina ba su san ta da wani suna ba.

Abin da ba kowa ya sani ba, ba kullum take ba da ƙarshen yadda yake ba. Takan auna mai tambaya tukuna. Akwai wani Ummaru mai tirela da ya shekara bai leƙa tsohuwarsa a Gangara ba, alhali kullum ta kusa yake bi. Da ya tambayi yadda aka ƙare da wani attajirin fim, sai ta ce ai ya tsiyace, ya koma ƙauye neman gafarar uwarsa ya tarar an share ɗakin an zuba gero a ciki. Ummaru bai gama cin abincin ba. Hassana mai fura, wadda rumfarta ke manne da ta Salmatu, ta jira ya tafi sannan ta leƙo.

"Ke Salmatu, ki ji tsoron Allah. Ni da idona na ga attajirin nan ya auri likita, ana ta rawa a cikin furanni."

"Su masu fim ɗin ba su san Ummaru ba. Ni na san shi."

Akwai kuma Malam Ahmadu mai turare da tasbaha, da yake shimfiɗa kayansa a inuwar rumfar. Shi a wurinsa fim shagala ce, ya kuwa faɗa mata ba sau ɗaya ba. Amma inuwar ta yi masa, kuma ya zaɓi wurin zama da in ya ɗan karkata kai allon na cikin idonsa. Shi take yi wa tambayoyinta, don Salmatu mace ce da abu ba ya wuce ta ba ta tone shi ba.

"Malam, hawayen da na zubar ma marainiyar fim, alhali na san tana can Kano tana cin kaji, ana rubuta mani ladan tausayi ko asara na yi?"

"Salmatu, ki bar ni in yi lazimi."

"To wanda ya fito a mai sallah cikin fim, ya yi ruku'u ya yi sujada, mala'iku sun san wasa yake?"

Wata rana ya ce mata abin da take nema a fim duk yana cikin wa'azi, a tsabtace, ba kiɗa ba rawa. Ta ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma kai ka ce mani kar in ci amana. Su kuma sun jiyar da ni muryar wanda ya ci, lokacin da ya rage shi kaɗai a ɗaki. Duka biyun ina so." Malam ya ce a'uzubillahi, ya gyara zama don wani ya tare masa allon.

Abu ɗaya ne a fim ya gagari fahimtarta, kuma shi ya fi ci mata rai. A kusan kowane fim akwai wani mutum da ya san gaskiyar magana. Shi ya ga wanda ya ɗauki sarƙar, ko shi aka ba wasiƙa ya kai. Kalma ɗaya zai faɗa kowa ya huta, amma sai ya yi gum, gida ya watse, a yi ta kuka har awa biyu. In aka zo wurin nan sai ta buga ludayi a bakin tukunya.

"Buɗe baki, sakarai! Mi ya riƙe maka harshe?"

Ta tambayi Malam, ya ce don fim ɗin ya yi tsawo ne. Ta tambayi Hassana, ta ce in ya faɗa da wuri mi za a kalla. Ba wanda ya gamsar da ita. Ita dai ta yanke cewa wannan ƙarya ce ta masu fim, Allah bai halicci mutum mai irin wannan wautar ba.

Ita ma fa tana da nata rikicin, kuma duk Magama an sani, ba dai mai taɓa shi. Shekara huɗu ba ta magana da ƙanenta Dalhatu, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rage. Yana Ɗan Isa yana gyaran keken ɗinki, tafiyar da ba ta kai a dafa wake ya nuna ba.

Abin ya faru ne shekarar da aka yanke layin waya a yankin Jibiya saboda 'yan bindiga. Mutane suka koma sayen layin Nijar, don shi yana kamawa a bakin iyaka. Salmatu ta ƙi. Ta ce ba za ta sa wa wayarta matar da in ka kira ba a ɗauka ba take yi maka Faransanci ba, wa ya san ko zagi ne. A cikin watannin nan mahaifiyarsu ta rasu a gidan Dalhatu. Salmatu ba ta ji ba sai ranar sadakar uku, a bakin wata mai sayar da tafasa, wadda ta yi mata gaisuwa tana zaton ta sani.

Ta bar tukunya a wuta ta tsallaka. Ta shiga gidan makoki ba sallama, mutane cike, ta tsaya a kan Dalhatu ta ce ya binne mata uwa kamar wadda ba ta haifi kowa ba sai shi, ko kare ne ai a aiko shi da saƙo. Dalhatu ya ɗago ido jajir ya ce, "Ke da kinka zaɓi tukunya kinka bar uwarki, ke ce da bakin magana?" Ba ta tsaya jin me yake nufi ba. Ta ɗauka zagi ne, ta juya, ko ruwan gidan ba ta sha ba. Tun daga ranar, duk wanda ya ambaci sunan Dalhatu a rumfarta sai ta ɗauke kwanon gabansa, ko ya ci ko bai ci ba. Malam Ahmadu ya gwada sau ɗaya, ya tuna mata gaba tsakanin Musulmi ba ta wuce kwana uku, balle 'yan'uwa. Mako guda ya yi yana sayar da turare a rana.

Amma abin yana cinta. Duk azumi sai ta ji Malam na faɗin yadda ake ajiye aikin masu gaba a gefe har sai sun shirya, sai ta ƙara wa wuta ice don hayaƙi ya ba ta dalilin share ido. Ta kai shekarun da sa'o'inta ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Tana tsoron ta mutu a haka, tana kuma ganin ita ce babba, ita aka yi wa laifi, shi ya kamata ya tako.

Cikin masu zama a bencinta akwai Zubairu, direban ƙaramar motar fasinja tsakanin Maraɗi da iyaka, mutumin Ɗan Isa, magidanci mai 'ya'ya biyar, marar hayaniya. Salmatu ta daɗe tana nazarinsa kamar yadda take nazarin fim. Da can shi ne mai neman ƙari har da ƙanzo. Yanzu sai ya sa a zuba, ya yi loma uku ya ture. Ba ya haɗa ido da ita. Kuma ta lura ba kowane fim yake tambayar ƙarshensa ba, sai mai irin mutumin nan da ya san gaskiya ya yi shiru.

"Wanga yana ɓoye ma matarshi wani abu," ta ce wa Hassana. "Ko ya yi aure a Maraɗi, ko ya saida gonarta. Bari in taɓa shi mu gani."

Dama ta samu ranar wata Laraba. An sa wani fim na wani bawan Allah da aka ba saƙo ya kai wa wata mata, bai kai ba, zumunci ya lalace a kan haka. Ana tsaka da shi aka ce motar Zubairu ta cika. Da ya dawo ranar Asabar, ya zauna a ƙarshen benci, ya tambaya murya ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, ɗan saƙon nan, yaya anka ƙare da shi?"

Ta ajiye ludayi, ta gyara ɗaurin zane. Ta ce ai ranar da ya yi niyyar faɗa, ya buɗe baki sai harshe ya ƙi. Ciwo ya kama shi, ya kwanta shekara bakwai yana nuni da hannu ba mai ganewa, ya mutu da maganar a ciki, ko da aka ɗauki makara sai da mutum takwas suka kama saboda nauyinta. Ta ƙara gishiri iya son ranta. Zubairu ya tashi ko loma ukun bai yi ba.

Kwana takwas ba a gan shi ba. Har ta fara cewa ko ta zuba da yawa.

Ranar da ya dawo, hantsi ne, benci ba kowa sai Malam Ahmadu a gefe yana jera kwalabe. Zubairu bai zauna ba. Ya zagayo ta gaban murhu, inda ba mai zuwa, ya durƙusa cikin toka.

"Gwaggo, ƙarya kinka yi mani."

"Ni? A kan mi?"

"Na nemi fim ɗin a Maraɗi, na sa an tura mani a waya, na kalle shi har ƙarshe. Bai mutu ba. Ya hwaɗi gaskiya. Matar ta yi mashi mari ɗaya, ta yi kuka, ta yafe mashi."

"To sai mi? Kai alƙalin fim ne?"

"Mari ɗaya zan iya ɗauka, Gwaggo."

Sai ya faɗa. Ranar da Inna, mahaifiyarsu Salmatu, ta rasu, da asuba ta cika. Dalhatu ya kira wayar Salmatu har ya gaji, layi a yanke. Ya fito bakin hanya ya tare Zubairu, ya riƙe masa hannu ya ce don Allah ya gaya wa Yaya Salmatu ta zo yanzu, Inna ta bar wasiyya ita za ta yi mata wanka. Zubairu ya ce ya ɗauka. Ya iso, ya bar mota a layi, ya tako har rumfar nan. Ya tarar ana wani fim na barkwanci, benci cike, ita kuma tana dariya har tana riƙe ciki. Ta gan shi ta ce zauna ɗan nan, ta tura masa kwano.

"Dalhatu ya hana a taɓa gawar," in ji Zubairu. "Liman ya yi magana, dattawa sunka yi ta mashi faɗa, ga zafi, ya ce yayarshi na hanya. Sai da la'asar ta yi sannan ya bari maƙwabta sunka yi wankan. Da na koma ya tambaye ni, na ce na hwaɗa maki."

Malam Ahmadu ya daina jera kwalabe. Wake na tafasa yana zuba a wuta, ba wanda ya kula. Ludayin na hannun Salmatu, Zubairu ya runtse ido yana jira.

Marin bai zo ba. Ta jawo kujerarta ta zauna dab da shi, tana kallonsa kamar yau ta fara ganin mutum.

"Buɗe ido. Shekara goma sha ɗaya ina tambayar mi ke rufe bakin irinku, ba wanda ya ba ni amsa. Yau ga ka a gabana. Hwaɗa mani. Mi ya riƙe ka?"

"Dariya kike, Gwaggo. Na ce bari ki gama dariyar. Da kinka gama sai wani abin dariyar ya zo. Na ce to bari fim ya ƙare, mutane su ragu, kar ki faɗi a gaban maza. Sai anka ce mota ta cika, fasinja na zagi. Na ce ai wani zai zo bayana ya hwaɗa, labarin mutuwa ba ya ɓoyuwa. Washegari kuma ya zama in na buɗe baki, ni ne wanda ya hana ki wanke uwarki. Kullum sai in ce gobe. Kullum kuma sai ta ƙara nauyi."

Ta jujjuya maganar a ranta. Ba mugunta, ba ƙiyayya, ba wanda ya biya shi. Tausayi ne ya fara, kunya ta karɓa, tsoro ya ƙarasa. Ashe masu fim ba ƙarya suke ba, gajarta abin ma suke yi. Nasu awa biyu ne.

Sai kuma maganar Dalhatu ta dawo mata, ke da kinka zaɓi tukunya. Ashe ba zagi ba ne. Abin da aka gaya masa ne. Da ta tsaya ta ce me kake nufi, da a ranar an gama. Ita da take buga ludayi tana ce wa na cikin allo ya buɗe baki, ba ta taɓa lura da ɗaya sakaran ba, wanda ake yi wa magana ya juya baya ya fita fuu, kuma shi ma kowane fim yana da shi.

"Hassana!" ta ƙwala kira. "Zo ki tsare mani wake. Kai kuma tashi, motarka ta cika."

"Gwaggo, ba fasinja ko ɗaya."

"Ni ce fasinjan. Kuma da bakinka za ka maimaita, ba ni zan ɗaukar maka ba."

A hanya ta shirya yadda abin zai kasance, don ta ji irinsa sau ɗari ta bayan ƙeya. Za a tarar da shi kwance, a rungume juna, kuka ya tashi. Suka tarar da Dalhatu a ƙofar shagonsa zaune a kan tabarma, ya baje cikin wani keken ɗinki, yana faɗa da wani tela a kan wa ya ɓatar da wata ƙaramar ƙusa. Ya ɗago ya gan ta. Ya ƙara kallo. Ya ce wa telan ya dawo gobe.

Zubairu ya durƙusa ya maimaita, wannan karon a gajarce, yana kuka kamar ba uban 'ya'ya biyar ba. Dalhatu ya saurara har ƙarshe yana goge hannu da tsumma, hannun da tuni ya goge.

"Tashi ka ba mu wuri," ya ce masa. "Kai da Allah. Ni ban da ƙarfin marinka."

Suka rage su biyu. Ba kiɗa, sai akuyar maƙwabta da ke cin takarda a gefe.

"Kin tsufa, Yaya."

"Kai ma ba kyau ka ƙara ba."

Ta zauna a bakin tabarmar. Ta ga gashin kansa duk ya yi fari, ta ga yadda yake kawo ƙusa dab da ido kafin ya gane ta. Ita ce babba, kuma tun daga Magama take gaya wa kanta cewa laifin rabi da rabi ne. Amma ta tuna shi tsaye a ƙofar ɗakin Inna tun safe har la'asar, dattawa na yi masa faɗa, yana kallon hanya.

"Dalhatu, ka yafe mani. Ban tambaya ba."

"Ni ma ban tambaya ba," ya ce. Ya juyar da kai wajen keken. Can ya ce, "Akwai zanenta guda da na hana a raba. Yana cikin adaka. In kin ci abinci a ɗauko maki."

Ta ci abincin. Ta ce wa matarsa miyar ta yi gishiri, daga nan kowa ya san an shirya.

Yanzu wayar Salmatu layi biyu gare ta, ta ce ta saba da Bafaranshiyar, ashe haƙuri take ba mutane. Zubairu ya koma neman ƙanzo, kuma duk Juma'a shi ke kai ta Ɗan Isa a gidan gaba, ba ta taɓa ce masa ta yafe ba, ba ta kuma fasa tuna masa gara ya biya bashin a hanyar nan da ya biya shi a lahira ba. Har yanzu tana ba da ƙarshen fim, har yanzu tana gyara shi daidai mai tambaya, sai dai ta rage kashe mutane, tun da ta ga mari ɗaya ya yi aikin da makarar mutum takwas ba ta yi ba.

In kuma aka zo wurin nan, inda wanda ya san gaskiya ke haɗiye ta, ta daina buga tukunya. Sai ta ajiye ludayi ta juyo. Sababbin zuwa kan zaci allon za ta kalla. Benci take bi da ido, fuska bayan fuska, tana neman wanda ya sunkuyar da kai cikin kwano.